Yadda Na Koya wa Mai Agogo Zaman Kariya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan, ya sa albarka a aikinki. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, har yanzu ita ke koya wa kowa yadda ake shanya kaya. Babbar 'yata ta fara aiki a kantin magani can ƙarshen gari, Auta kuma yana makarantar kwana, ya ci jarabawa kansa ya ƙara girma. Na san kin ƙullace ni da shirun wata uku. Ki yi haƙuri, in kin ji abin da ya ɗauke mini hankali za ki yafe.

Kin dai san Mai Agogo, mijina, ya faɗo daga tsani yana rataye agogon bango, gwiwarsa ta dama ta tsage. Ƙashin ya haɗe, alhamdu lillahi, yana takawa da sanda, amma likita ya ce kada ya kuskura ya taka fedar keke sai an shekara. To ke kin san mutumin nan da baƙin kekensa. Shekara ashirin da shida kullum safiya shi ke ɗora ni a kariya, mazaunin bayan keken, ya sauke ni a ƙofar makarantar da nake koyarwa, ya wuce shagonsa. Shagon kuwa yana can cikin lungun masu gyara inda mota ba ta shiga, daga inda bas ke tsayawa kuma tafiya ce da mai lafiyar ƙafa ma sai ya yi gumi. Sai ya zauna a gida yana kwance agogon falo yana ɗaurawa, magana ta ragu, ci ya ragu. Ana cikin haka mai ginin shagon ya aiko cewa ba ya son ganin ƙofa a rufe, idan wata ya ƙare ba a buɗe ba zai ba wani. Yaya, ranar na tsorata ƙwarai, don na san in shagon nan ya tafi ba zan ƙara gane kan mijina ba.

Washegari na tura keken zuwa wurin Mai Faci, tsohon nan mai gyaran keke na bakin titinmu, na ce masa ni zan riƙa kai maigida aiki. Sai da ya yi dariya har ya yar da sifana, sannan ya kama aiki. Ya sauke mini sirdi, ya ɗaure birki, ya sa kwando a gaba, ya liƙa ƙarfen ɗora ƙafa a gefen dama saboda gwiwar, har da wani ɗan zobe na rataye sanda. Ni kuma na ɗinka wando mai faɗi ina sawa a ƙarƙashin doguwar riga. Kullum aka tashi makaranta sai in shiga filin wasa, mace mai shekara arba'in da takwas tana ta kokawa da keke, mai gadi yana kau da kai don kunya. Na sha ƙasa ba adadi, gwiwar hannuna har yanzu da tabo. Cikin mako biyu dai na miƙe, har ina ɗaura jarkar ruwa cike a baya ina zagaye filin ba tangarɗa.

Shawo kan mutumin ya fi koyon wahala. Ya ce shi da furfurarsa mace za ta goya shi a titi, mutane su ce me? Na ce su faɗi abin da suka ga dama, ai ba su za su buɗe masa shago ba. Kwana biyu yana fushi, a na uku ya fito da sandarsa ya hau. Ko taku goma ba mu yi ba keken ya fara rawa, muka nufi katangar maƙwabta, da ƙyar na kafa ƙafa. Muka sake, haka. Ya ce hannuna ne ba ƙarfi, ya ce Mai Faci ya karkata kan keken. Na mayar, tsohon ya duba ya rantse ƙalau yake. Na ɗauki 'yata, wadda ta fi ubanta nauyi, muka zagaye unguwa sumul. Saura kwana biyar wata ya ƙare, na shiga ɗaki na yi kukana.

Da muka sake gwadawa na bar kallon hanya na saurari bayana, sai na gane. Ashe bawan Allah tuƙi yake yi daga kariya. Yana leƙo kai ta kafaɗata, yana karkata kafin mu kai kwana, in ya hango rami sai ya matse mini haƙarƙari kamar birki ne, ƙafarsa mai lafiya kuma tana neman ƙasa. Na tsaya na sauke shi. Na ce masa keke ba shi da laifi, ni ma ba ni da shi, shi ne bai iya zama ba. Ya harzuƙa ya ce tun kafin in san hanyar makaranta yake hawan keke. Na ce gaskiya ne, amma ya faɗa mini ranar da aka taɓa ɗaukarsa ko sau ɗaya. Ashe ba a taɓa ba. Nan na zama malamarsa, don wannan karatun shekara ashirin da shida nake yin sa ba wanda ya san karatu ne. Na ce ya sake jikinsa, ya haɗe gwiwoyi, in na karkata ya biyo ni, hannu a ƙuguna ba matsi, kada ya kalli gaba, ya kalli gefe ya bar mini hanya. Na ƙara da cewa ya kama bakinsa, wannan kam don jin daɗina ne kawai.

Ranar Talata muka fita da sassafe. Muka wuce gidan burodi, muka tsaya a fitilar mahaɗa tsakanin motoci, wani direban bas yana ta yi mana hon yana dariya. Na kaɗa ƙararrawa na wuce abina. A hawan gada numfashina ya kusa ƙarewa, amma bayana shiru, keken kuma tafiya yake kamar ni kaɗai ce a kai. Da muka shiga lungun, mai gyaran rediyo da mai ɗinkin takalma suka fito suna tafi, suna tambayarsa ko sabon direba ya ɗauka. Ya sauka da sandarsa ya buɗe kwaɗo. Agogunan bango duk sun tsaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murɗa makullinsu suna tashi. Na makara a makaranta ranar, ban kuma damu ba.

Da yamma na je ɗaukarsa na tarar mai ginin ya zo ya ga ƙofa a buɗe, har ya bar nasa agogon a gyara masa. A hanyar gida mutumin naki ya taɓa ni, ya tambaye ni yaushe aka gina benen nan mai furanni kusa da gada. Na ce ai ya girmi Auta. Ya ce shekara talatin yana bin titin nan ramukansa kawai ya sani, ashe daɗin da nake sha ke nan a baya shi yana gumi. Ya ce in an koma asibiti kada in matsa wa likita, gwiwa ba a yi mata gaggawa. Yaya, dariya ta hana ni tuƙi, sai da na tsaya a gefen titi ina share hawaye.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da 'yan biyu, da amaryar ɗanki, da Gwaggo in kin leƙa ta. Inna tana gaishe ku, Mai Agogo ma haka, ya ce wai kada ki ba kowa labarin nan, ni kuma na ce ki ba kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki kullum.