Ganyen Dawar Inna

Ƙanena Dakta Sabi'u,

Sallama da fatan alheri. Ya iyali, ya sanyin can? Mu a Minjibir lafiya.

Ɗalibin da ka turo ya zo. Inna ta ji ƙarar mota, ta fito da sandarta, ta shafa fuskarsa tana kiran sunanka. Na ce ba kai ba ne, ganyen dawarta kake so, za ka ware ƙwayoyin jikin jijiyar ganyen daga sauran, ka ga wace ƙwayar gado ke aiki a kowacce. Ya yanka, ya jera a kular ƙanƙara, ya tafi. Ganye ya yi sa'a.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida maiɗakinka. Inna ta ce in tambaya ko akwai sauran wuri a kular.

Yayanka,
Habibu