Baka Biyun Selina

Hyattsville, Maryland,
Yuni, 2015.

Zuwa ga Yayana Chuwang,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mama da uwargidanka Pauline da yaranmu duka. Ya ƙafar Mama? Ka ce mata na ce ta daina ɓoye maganin nan a ƙarƙashin matashi, labari yana iso ni har nan. Ina labarin gona? Na ji an ce bana ruwa ya yi muku wasa da hankali, ya sauko da wuri har kuka shuka, sannan ya ɗauke ƙafa. Allah ya tsare dankalin daga cutar nan da ta ƙone muku ganye bara, ya sa ku haƙa da murna.

Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiya. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo da ƙarfinsa, gumi kamar mutum yana Lokoja. Maigidana Jerome yana nan yana fama da gwajin ƙasar noma a wurin aikinsu na Beltsville, ni kuma ina asibiti kamar kullum. Ɗiyarka Becky ta yi tsawo har ta kusa kamo ni. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar mini, in ban da kalmar gwate, wadda take faɗa tiryan-tiryan in yunwa ta kama ta.

To Yaya, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba: aikin da ka ba ni na kasa. Ranar da Selina za ta taho kwas ɗinta na Washington, ka kira ni ka ce tunda Allah ya buɗe wa autarmu ƙofa, in yi duk dabarar da zan yi kada ta koma. Na ce maka ka kwantar da hankalinka, ai a bayana ta girma. To ga shi shekaranjiya ni da kaina na raka ta filin jirgi. Ta tafi taro a Bonn ta ƙasar Jamus, daga can kuma gida ta nufa, ba nan ba. Kafin ka ɗaure fuskar nan taka da duk muka sani, zauna ka ji yadda aka yi.

Ka san har gobe Mama tana gaya wa matan zumuntar coci cewa gini Selina take koyo a Amurka, don ta ji an ce sunan aikin gina ƙwarewa. Ni ma ban fi Mama ganewa ba sai da yarinyar ta zaunar da ni. Ashe duk shekara ƙasashen duniya suna haɗuwa su yi ta ciniki a kan sauyin yanayi, wato wannan rikicewar ruwa da zafi da kai ka fi ni saninta. A cikin cinikin akwai ɗaki guda da ake maganar ƙasashe masu tasowa irin tamu, da waɗanda suka fito daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet suna sauya tsarin tattalin arzikinsu. Maganar ita ce yadda za su samu mutanensu na kansu waɗanda suka iya auna yanayi, suka iya rubuta rahoto, suka kuma iya zama a teburin ciniki ba tare da an yi musu wayo ba. Wannan ɗakin shi ne gonar Selina. Ta ce a taron Lima na bara manyan ƙasashe sun zo da mutane kamar 'yan biki, kowane ɗaki da wakilinsa, ita kuwa tana ta gudu daga wannan ɗaki zuwa wancan har takalminta ya tsinke.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne al'adarsu ta baka biyu. Ka tuna alamar nan da aka koya mana a firamare, wadda ake rufe kalma a cikinta? To a wurinsu, idan ana rubuta yarjejeniya sai wata ƙasa ta ce ba ta yarda da wata kalma ba, ba a share kalmar, ba a kuma amince da ita. Sai a sa ta a baka biyu. Nan za ta zauna komai daɗewa, har wanda ya sa ya yarda ya cire, kuma ko ƙasa ɗaya tal ce ta ƙi, magana ba ta wuce ba. Selina ta nuna mana da hannu, ta lanƙwasa tafukanta biyu suna kallon juna. Kai, da ta sani da ba ta nuna a gaban Jerome ba! Tun daga ranar, in na ce ya wanke kwanuka sai ya ɗaga hannu biyu ya ce ya sa maganar a baka biyu. In abinci na ce ya zo ya ci kuwa, ban taɓa ganin hannun ya ɗagu ba.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na nemo acha a shagon 'yan Afirka na yi ta dafa mata gwate, don ta san ba abin da ke Vom da babu a nan. Da itatuwan bakin ruwan Washington suka yi fure, na kai ta muka sha hotuna. Na zaga da ita kantuna har ƙafafuna suka kumbura. Har wani saurayi na samo mata a coci, Katung, ɗan Kaduna mai harhaɗa magunguna, yaro mai kunya da natsuwa. Na gayyace shi cin abincin rana, na ja Jerome muka ba su wuri. Da na dawo da lemo, sai na tarar tana yi masa bayanin na'urar auna ruwan sama, shi kuwa bawan Allah yana ta satar kallon ƙofa. Tun daga nan in ya hango ni a coci sai ya canza layi. Duk sanda kuma na tambaye ta ko za ta zauna, sai 'yar banzar ta yi murmushi ta ɗaga mini tafukan nan biyu.

Ta yi wata ƙawa a kwas ɗin, Ainura, daga Kirgistan, wadda ta zama 'yar gida a wurinmu. Da cokali take cin tuwo, yaji yana sa ta hawaye, amma ba ta taɓa barin loma a kwano ba. Ita ce ta gaya mana cewa ƙanƙarar da ke kan duwatsunsu, wadda koguna suke sha daga gare ta, tana ta narkewa, kuma yawancin waɗanda aka horar a ofishinsu sun bi jirgi sun tafi. Selina ta ce to ashe ciwonsu ɗaya, sai dai ita nata da sanyi, namu da zafi.

Ana cikin haka sai ƙungiyar da ta shirya kwas ɗin ta ce tana son ta ɗauki Selina aiki a nan Washington. Yaya, rawa na yi a kicin! Ka tuna na kira ka, kai ma ka ce za ka yanka zakara. Ita kuwa mai abin ko gezau, ta ce maganar tana baka biyu tukuna.

Ranar rufe kwas aka gayyaci iyalai su zo kallo. Na yi musayar aiki da wata abokiyata, na ci ɗaurin zuwa coci, muka tafi da Jerome. Gwajin ciniki suka yi: aka raba ɗaliban, kowa ya tsaya a madadin wata ƙasa, aka haska rubutu a bango. Akwai jimlar da ta ce za a taimaki ƙasashe su horar da ƙwararru. Sai Selina ta ɗaga allon da ke gabanta ta ce a ƙara cewa a kuma riƙe su. Kafin ta rufe baki, wani dogon saurayi da ke wakiltar ƙasashe masu arziki ya ce a sa a baka biyu. Yaya, a kan wannan 'yar magana manyan mutane masu digiri suka yi ta ja har cikina ya fara kuka. Na raɗa wa Jerome cewa ko cinikin akuya a kasuwar Bukuru bai kai wannan jan rai ba.

Sai aka sake ba autarmu dama. Ban san tana da wannan muryar ba. Ta ce ita ba roƙo ta zo yi ba, labari za ta bayar. Ta ce a ofishin da take aiki a gida, waɗanda aka tura horo kafin ita, hotunansu kawai suka rage a bango, kuma ba ta ga laifinsu ba, tunda sun koma sun tarar ba kayan aiki, ba mai tambayarsu abin da suka koyo. Sannan ta ce tana da wa mai noman dankali a Vom, sunansa Chuwang. Eh, sunanka ta kira, a tsakiyar Washington, a gaban mutanen ƙasashe! Ta ce duk shekara in hadari ya fara haɗowa sai ka kira ta ka tambaya ko wannan ruwan na shuka ne ko na yaudara, don a ganinka ita ce ta yi karatun abin. Ita kuma sai ta yi ta kame-kame, domin wanda ya iya karanta na'urorin auna yanayi yana Kanada. Ta ce horon da ba a tanadar wa mutum abin da zai riƙe shi a gida ba, zuba ruwa ne a tulun da ya tsage. Tana yin shiru Ainura ta ɗaga nata allon ta ce ƙasarta tana bayan wannan magana. Mu 'yan kallo muka ɓarke da tafi, har shugaban zaman ya ce ba a tafi a irin wannan wuri. Ni dai na riga na yi guɗa, ba ta mayuwa.

Ka san abin haushin? Duk da haka kalmar ba ta wuce ba, a baka biyu aka tashi aka bar ta. Na fusata na ce bari in je in samu dogon nan, Selina ta riƙe ni tana dariya. Ta ce ai abokinsu ne, aikin da aka ba shi ya yi, kuma haka abin yake har a taron gaskiya: ka kawo magana bana, ka sake kawo ta baɗi, har a gaji da kai a ba ka.

A jirgin ƙasa muna komawa gida ta gaya mini cewa tun da safe ta ba ƙungiyar amsa, ta yi musu godiya ta ce ba za ta karɓi aikin ba. Ta ce da wane baki za ta je Bonn tana cewa a riƙe ƙwararru, alhali ita ta zame? Na ce mata wuta fa ba ta zama a can, kayan aikin da take kuka a kai ma ba ta san ranar zuwansu ba. Ta ce ta sani, shi ya sa take son mai kukan ya kasance yana wurin. Na juya mata ƙeya na yi fushi tun daga Fort Totten har West Hyattsville. Jerome ya ce in gaya maka gaskiya, tsakaninsu tasha ɗaya ce. Amma Yaya, abin ya yi mini zafi. Ba don Amurka nake son ta zauna ba, don ni ne. Tun da na zo ƙasar nan ban samu wanda zan yi wa tsegumi da harshenmu ina tuƙa tuwo ba sai da ta zo.

A filin jirgin Dulles na rungume ta na ƙi saki. Mutane suna ta ratsa mu da akwatuna, ni ko a jikina. Can sai ta raɗa mini a kunne cewa ga shi na sa ta a baka biyu da hannuwana, kuma a ƙa'ida sai wanda ya sa ne yake cirewa, ita ba za ta ƙwace ba. Na yi dariya, na yi kuka, duk a haɗe. Sannan na buɗe hannuwana. 

Yaya, na san ba don kanka ka so ta zauna ba. Kai ka tsaya mata tun rasuwar Baba, kuma duk sanda gari ya rikice kai ne ba ka iya cin abinci sai ka ji muryarta. Ita ma ta sani. Ba ta tsoron dogayen samarin Bonn, ba ta tsoron ofishin da ba wuta, fuskarka kawai take tsoro. Ta ce mini in ka ƙi kallonta, duk abin da ta je yi ba zai yi mata daɗi ba. Da na gaya wa Mama a waya, cewa ta yi madalla, ta zo ta yi ginin nata a gida inda za a gani. In an tashi taron za ta sauka Abuja ta hau mota zuwa Jos, za ta kira Pauline ta gaya mata ranar. Zakaran nan da ka ce za ka yanka, don Allah kada ka fasa.

Ka gaishe mini da Mama da kyau da kyau, da Pauline, da Kawu Jang da mutanen gidansa, da dukan matan zumunta masu jiran maginiya. Jerome yana gaishe ka, Becky ma ta ce a gaishe ka, Babbanta. Allah ya ba ku damina mai albarka, ya sada mu da alheri.

Mama ba ta taɓa sa nata baka biyun ba, ni kuma na cire nawa a Dulles. Ka dai ji ƙa'idar: ko mutum ɗaya ne ya ƙi, magana ba ta wuce ba. Saura naka, Yaya. Ka je tasha ka tarye ta da kanka.

Ni ce ƙanwarka mai ƙaunarka,
Irene.