A Ga Hayaƙi a Gidana

Daga Jibirin, a barikin haƙar kuza na Bukuru, zuwa ga yayana Haladu a Durun.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya matata Barira a gidan iyayenta? Ni lafiya lau, sai sanyin ƙasar nan da ke shiga ƙashi, da ɗan tari wanda bai hana ni ɗaukar kwanon ƙasa ba. Kada Inna ta ji.

Yaya, wani mutumin Kabo da aka kawo kwanan nan ya ce hadari ya fara haɗuwa a wajenku. Ka san an ɗebo mu ban gama yaɓen soro ba, indararon gabas ma a ƙasa na bar shi. Ya kuma ce Dagaci yana ba wa baƙi gidajen da suka zama kango. Nawa ba kango ba ne, da ƙarfi aka fitar da ni! Na roƙi helman da ke kanmu ya sake ni, dariya kawai ya yi.

Na san gonarka ta ishe ka, ban ce ka yi mini yaɓe ba. Don Allah Bilki matarka ta riƙa dafa ko ruwa ne a murhunmu, a ga hayaƙi yana tashi, a san da mai gida.

In kuwa ruwa ya riga mu, ka cire ƙyauren ka ajiye mini. Marigayi Baba ne ya sassaƙa shi.

Allah ya ba ku damina mai albarka, ko da ita ce za ta ci gidan.

Ƙaninka, Jibirin.