Kwano na zaɓa wa ɗakin kamun kifi

Nata'ala,

Na tafi Deptford sayen doya, ban tashe ka ba.

Jiya mai kayan gini ya zo kan bangon ɗakin kamun kifin da kake haɗawa a bayan gida. Wai katako ya fi riƙe ɗumi in tafki ya daskare. Ni kuwa na ce ya sauke kwano. Ka yi haƙuri.

Tun da su Hansai suka koma Najeriya, in kun fita aiki, ciki nake zama. Ruwan garin nan shiru yake sauka. A jikin kwano kuwa zan ji shi kamar a Yawuri.

Kada ka mayar masa. In sanyi ne, liƙa bargona daga ciki.

Inna