Wa Ya Bar Mai a Kan Wuta

Litinin, 3 ga Maris

Maigida ya shiga ajin koyon magana a gaban jama'a. Wai bargunan kashe gobarar da yake sayarwa ba sa fita ne saboda bai iya ba da labari ba. Malaminsu ya ce mutane ba kaya suke saya ba, labari suke saya. Ni da na san haka tun ina 'yar makaranta, ba wanda ya tambaye ni. Ya dawo da fararen katuna na rubuta jawabi da agogon ƙidayar minti. Na ji daɗi, wallahi. Na ɗauka zai fara magana irin ta mazan cikin littattafaina.

Alhamis, 6 ga Maris

Kullum sai ya kulle ɗaki yana gwaji a gaban madubi, minti uku cif. Ta bayan ƙofa ina jiyo "matata… matata." Har kwalli na sa don murna. Wawiya.

Lahadi, 9 ga Maris

Matar maƙwabcinmu ta turo min bidiyo, da fuskokin dariya guda biyar.

Ga maigida a tsaye gaban 'yan ajinsu cikin rigar da na goge masa da hannuna. Wai wata rana matarsa ta ɗora mai a wuta, ta nutse cikin littafin soyayya, har kicin ya kama. Wai shi ya shigo a guje ya ja bargo ya ceci gida. "Da jarumin littafin ne, da yanzu muna kwana a titi." Ya yi shiru, na san ƙidaya uku yake yi a ransa yadda aka koya masa. Aka fashe da dariya.

Shi ya ɗora man! Ƙwai zai soya, waya ta yi ƙara, ya fita tsakar gida yana surutun ƙwallo. Ni na yaye bargon gadonmu, na aurena, mai ja da ruwan zuma, na danne wutar. Tabon yana nan a wuyan hannuna, ina kallonsa yanzu ina rubutu.

Litinin, 10 ga Maris

Na tare shi. Ya ce, "Haba amarya, dabara ce ta sana'a." Wai kowane labari sai da jarumi, da matsala, da mafita. Na ce to ni ce matsalar ke nan? Ya ce ai bai faɗi sunana ba. Mata nawa gare ka?

Talata, 11 ga Maris

Ban yi masa magana ba. Bai ma lura ba, yana gyara katuna.

Alhamis, 13 ga Maris

Mama, mahaifiyarsa, ta ga bidiyon. Ta zo da buhu. Ba ta ɗaga murya ba, gara ma ta ɗaga. "'Yata, don Allah kar ki kashe min ɗa." Ta kwashe littattafaina kaf, arba'in da ɗaya, har da wanda saura shafi goma na gama, yarinyar cikinsa tana tsaye a tashar jirgi ban san ko saurayin zai zo ba. Shi kuwa yana bakin ƙofa yana kallon silifas ɗinsa. Kalma ɗaya ta isa. Mutumin da ya biya kuɗi don a koya masa magana!

A layinmu yanzu Uwargidan Gobara ake ce min. Mai kanti ya tambaye ni ko a sayar min da ashana ko a jira maigida.

Asabar, 15 ga Maris

Yau aka rufe ajin, a ɗakin taron wani otal mai kujerun roba da makirufon da ke ƙugi. Ya ce in zo, Mama ma za ta zo. Na zo don in ga iyakar rashin kunya.

Ya yi labarinsa, aka yi dariya a inda ya tsara. Sai malamin, wani dogo mai agogo rataye a wuya, ya ce, "Ashe tauraruwar tana nan! Taso a gan ki." Aka miƙo min makirufo don in yi murmushi in zauna.

Ban zauna ba. Na naɗe hannun riga na ɗaga tabon. Na ce wuta ba ta ƙone wanda ke tsakar gida yana waya. Na faɗi ƙwai, na faɗi ƙwallo, na faɗi bargon aurena da yadda yake wari har yau a ƙasan akwati, na kasa yar da shi. Na ce da muna da irin wanda mijina ke sayarwa, da hannuna lafiya lau. Ban san daga ina wannan ta fito ba. Ba wanda ya yi dariya. Wata mata ta ɗaga hannu ta ce guda shida take so, na makarantarsu.

Maigida ya karɓi makirufo. Ba kati, ba ƙidaya. "Gaskiya ta faɗa. Ni ne." Muryarsa ta yi siririya kamar ta wani. Mama ta daɗe tana kallonsa.

Malamin ya ce minti biyu da daƙiƙa arba'in na yi. Ko a jikina.

Lahadi, 16 ga Maris

Buhu ya dawo. Mama da kanta ta kawo, da man shafawa na ƙuna. Wata takwas da warkewa, amma na karɓa da hannu biyu.

Laraba, 19 ga Maris

Ban yafe masa ba, kar ma ya ɗauka. An gayyace shi taron masu gidajen abinci ranar Asabar mai zuwa, ya ajiye katunansa a kan tebur kamar mantuwa. Na duba kawai. Farkon ya yi tsawo, kuma ya fito da bargon da wuri, ba a bari mutum ya ji tsoro tukuna. Na ɗan soke layi biyu. Huɗu.

Littafin nan yana gefen gado tun Lahadi, yarinyar na tashar jirgi har yanzu. Za ta iya jira. Ina ya sa agogon ne ma?