Ƙwai a Kan Motar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Tunda waya ta zama ba ka ɗauka, na koma ga takarda.

Motar marigayi Baba da ka bari a ƙofar gida, an yi mata ruwan ƙwai. Jiya na fito shara na tarar da gwaiduwa tana dalala tun daga gilashi har bonet, ga ɓawo ko'ina. Ƙarni kuwa ba a magana. Har na ɗauko bokiti da tsumma, sai na tuna kashedinka ranar da ka karɓe makullin: ko ƙuda ya sauka a kanta, kada wanda ya kore shi sai da izininka. Na mayar da bokitin. To, ranka ya daɗe, a wanke ko a bari?

Ƙafar Mama ta sake kumbura. Kullum sai ta tambaye ka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, kuma raina ya yi matuƙar ɓaci.

Kada ki sa mata hannu. Ɓawon ƙwai yana karce fenti, ke kuma wanki ɗaya kika iya, na tukunya. Fentin nan shi ne na asali tun daga kamfani, Baba bai taɓa bari an sake shi ba. Ki jira umarnina.

Ina zargin telan nan na kusa da mu. Ya sha cewa motar tana tare masa ƙofar shago. Ki sa masa ido.

A gaida Mama.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Mun jira umarni, rana kuwa ba ta jira ba. Ta gasa ƙwan nan ya kama jikin motar ƙam. Yanzu duk inda ya zuba fentin ya dusashe, ya yi tabo-tabo kamar ƙyasfi, gefen bonet har ya fara ɓarewa. Telan da kake zargi shi ya leƙo ya ce, “Haba, Auta! Ai da ruwa kawai kika kwara mata tun ranar, da ba a kai nan ba.” Na ce masa mai motar ya hana.

Bawan Allah nan ka fita harkarsa. Shi ya goya Mama a babur zuwa asibiti ranar Talata, motar mijinta tana tsaye tana shan rana, makulli yana aljihunka.

Na karanta mata takardarka. Ta ce in sake, wai ko na tsallake wani wuri. Na sake. Ta ce, “Shi ke nan nawa rabon? A gaida Mama?”

Wallahi ka ba ni haushi, Yaya. Na faɗa, in za ka yi fushi ka yi.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Rashin kunyarki na ajiye ta gefe, akwai ranarta. Abin da Baba ya bar mana kenan, kun zuba ido ya lalace. Ranar Asabar zan zo da kaina in ga ɓarnar da idona. A share wurin, kada kowa ya raɓe ta.

Ki gaida mutanen gida.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Mai fentin da ka aiko a madadinka ya iso lafiya ranar Asabar. Ya ce aiki ya riƙe ka. Ya duba motar, ya ce sai an kankare ta gaba ɗaya, fentin asali ya tafi kenan.

Mama tun safe ta yi wanka, ta sa zanen da ka saya mata shekarun baya, ta sa na kai mata kujera bakin ƙofa. Da ta ji tsayawar mota ta miƙe, da ƙafar nan tata. Sai ga mai fentin. Mutumin kirki ne, ya durƙusa ya gaishe ta, har ya tambayi jiki.

Ka daina neman wanda ya yi jifan. Bayan tafiyar mai fentin Mama ta gaya mini da bakinta. Ƙwan kajinta ne, ta tara su a kwano, ta ja ƙafa ta fita ina bayan gida. Ta ce, “Na ɗauka ko don motar zai zo.”

Kaji suna nan suna ta yin ƙwai. Ta ce in riƙa soyawa, ba ta da sauran amfani da su.

Ka huta lafiya.

Auta