Bishiyoyin Malam Ba Fili Mara Amfani Ba Ne

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke lissafin arzikin ƙasa,

Assalamu alaikum. Ni ce Hasiya, matar marigayi Malam Iro kafinta, daga Unguwar Kanawa. Ban yi boko ba, Saratu 'yar ƙanena ce ke rubuta mini, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Da daminar bana yaranka suka zo unguwarmu, wai ana so a san abin da Allah ya ba ƙasar nan, itace da ruwa da fili, a auna shi da kuɗin da ake samu. Na kai su bayan gidanmu, bakin rafi, inda Malam ya dasa tsamiya da mangwaro da kuka tun ina amarya. Suka tambaye ni nawa nake samu a shekara. Na ce ko sisi. Gaskiya na faɗa. Malam sadaka ya dasa su, don lada ta riƙa iske shi a kabari, ban kuwa taɓa sayar da ko kwano ɗaya ba. Ashe sai suka rubuta wai fili ne mara amfani. Yanzu ga turaku an kafa, shaguna za a gina, bishiyoyin sarewa za a yi.

Na biyu. Maƙwabciyata Hajiya Turai tana da wurin buga bulo a bakin wannan rafin. Ita aka rubuta a cikin masu ɗaga arzikin jiha. Mota ta zo har ƙofar gida ta kai ta taro, aka ba ta takardar yabo, aka kira sunanta a rediyo. Saratu ta ce kada in saka wannan, za a ce ƙyashi nake yi. To ƙyashin ne. Ranar nan tuwo bai wuce mini ba. Shekara ɗaya muka tare a layin nan, lokacin gishiri da kanwa take sayarwa a faranti. Yau in ta wuce ni, daga cikin gilashi take ɗago mini hannu, kamar mai korar ƙuda.

Na uku, shi ne ya fi ci mini rai. Yashin bulon nan daga ina? Daga rafin, kyauta, tifa bayan tifa. Gaɓa ta zaizaye, saiwar mangwaro ta fito waje, rijiyarmu da ba ta taɓa ƙafewa ba yanzu tun kafin bazara guga ke dawowa da laka. Duk wannan ba a cire mata komai ba. Ai ko mai tuyar ƙosai sai ta fid da kuɗin mai kafin ta ce ta ci riba. Ita ta kwashe an ce ta ƙara, ni na tsare an ce ba ni da komai.

Ga roƙona. A cire turakun nan kafin gatari ya zo. A dawo da yaranka, wannan karon su tambayi matan unguwa wa ya taɓa sayen kuka a layin nan.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama lafiya, ya tsare ka da cin haƙƙin mamaci.

Sai a rubuta wannan, don na tsufa. Ba wanda ke bi na ko kwabo. Rafi yana bin Hajiya yashi, sai ta san yadda za ta biya shi. Malam yana bin ku gyaran takarda. Ma'aikatan Hajiya a inuwar mangwarona suke cin abincin rana, kunun azumin gidanta kuma da tsamiyata ake dama shi shekara da shekaru. Ban ce ta biya ba, sadaka ce. Amma a ɗauke inuwar da tsamiyar daga lissafinta a sa a nawa, kuma a karanta mata da ƙarfi ta ji.

Wassalam,
Hasiya, matar marigayi Malam Iro